Daji Biyu a Mara Ɗaya: Doguwar Jinyar da Ke Jiran Matar Kafanchan

Tun da allurar rigakafin kansar bakin mahaifa ta iso Jihar Kaduna a watan Mayun 2024, don 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, sunan wannan ciwo ya shiga bakin mutane a Kafanchan da Zonkwa da Kwoi da Kachia. Ya kuma cancanci hakan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 12,000 ne suka kamu da shi a Najeriya, wajen 8,000 suka rasu. Sai dai yawan ambatonsa ya sa wasu sun ɗauka kansar mahaifa guda ɗaya ce, kuma allura ta gama da ita. Alhali mahaifa ba baki kaɗai gare ta ba. Tana da shimfiɗar ciki, wadda ke saɓulewa duk wata ta fito a jinin al'ada. Tana da bango na tsoka, mai yin naƙuda. Hagu da dama kuma ga gidajen ƙwai biyu, da bututun da ke sada su da ita. Kowanne da irin dajin da ke kama shi, da sanadinsa, da maganinsa, kuma a cikinsu duka bakin kaɗai allurar nan take tsarewa. Wani sa'in ma, ko da yake ba kasafai ba, likita kan buɗe ciki ya iske daji biyu zaune tare.

Wani zai ce ina ruwanmu da ciwon da ba a cika gani ba, alhali wanda ke ɗaukar mata kullum ma bai bar mu mun huta ba? Ni kuwa gani nake irin wannan ciwon ne ke tona asirin inda aikinmu ya fi rauni. Da an ambaci kansa, hankalin kowa sai ya tafi ga manyan na'urori da tsadar magani. Amma a jinyar mace mai daji biyu, abubuwan da suka fi tasiri a kan kwananta masu araha ne: ko an kai naman da aka cire mata gwaji, ko sakamakon ya dawo hannunta, da ko akwai mai ci gaba da duba ta shekara biyar, shekara goma, ba tare da kuɗin mota ya karya gidan ba.

Haɗin da aka fi gani shi ne dajin shimfiɗar mahaifa tare da na gidan ƙwai. A lissafin da likitocin mata suka daɗe suna aiki da shi, cikin mata 100 masu dajin shimfiɗa, wajen 5 akan same su da wani a gidan ƙwai. Cikin 100 masu dajin gidan ƙwai kuwa, wajen 10 ne ke da wani a shimfiɗa. Dajin shimfiɗa shi kaɗai ciwon 'yan sittin ne, amma masu biyun sukan kasance 'yan arba'in da ɗoriya zuwa hamsin. Da yawansu ba su daina al'ada ba, da yawa masu jiki ne, da yawa kuma ba su taɓa haihuwa ba. Wannan na ƙarshen akwai ciwo a cikinsa. Matar da ta shekara goma sha tana neman haihuwa, ta sha saiwa, ta sha rubutu, ta kwana a wurin addu'a, idan al'adarta ta rikice ba daji ne zai fara faɗo mata a rai ba. Wataƙila ma ta ɗauka ɓari take yi. Kuma ba abin da take gudun ji kamar a ce mata za a cire mahaifa.

Da zarar an ga biyu, tambayar da ke gaban likita irin wadda ake yi ce idan gobara ta kama ɗakuna biyu a gida ɗaya: kowane ɗaki da tasa wutar ta tashi, ko ta wannan ce ta tsallaka wancan? Idan kowanne da kansa ya tsiro, to daji biyu ne ƙanana, kowanne a matakin farko, kuma tiyata kaɗai tana iya wadatarwa. Idan kuwa na mahaifa ne ya bazu zuwa gidan ƙwai, a tsohon lissafi ya kai mataki na 3 ke nan, sai a bi tiyata da kemo, wataƙila har da gashi, wato ƙona wurin da hasken na'ura. Tsakanin amsoshin nan biyu akwai zubewar sumar kai, da wata huɗu ko biyar na sintiri a hanya, da bashin da kan bi gida shekaru.

A 1985 wasu likitocin gwajin nama biyu a Amurka, Ulbright da Roth, suka tsara alamomin rarrabewa: zurfin da dajin ya ci a bangon mahaifa, ko gidan ƙwai ɗaya ya kama ko duka biyun, ko ya shiga jijiyoyi, ko ya bi ta bututu. Da irin waɗannan aka yi ta aiki wajen shekara 30. An kuma lura matan da aka ce nasu biyu ne masu zaman kansu suna daɗewa ƙwarai. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2001 a kan mata 74 ya samu kusan kashi 86 cikin 100 suna raye bayan shekara 5, kashi 80 bayan shekara 10. Aka ce to ga hujja, da bazuwa ce ai da ba su kai haka ba. Kwatsam a 2016 sai ga tawagogi biyu na masu bincike, kowace da nata aikin, sun karanta ƙwayoyin halittar irin waɗannan ƙari, sun iske kusan dukansu tushe ɗaya suka fito. Ashe bazuwar ce dai, amma mai taƙaitaccen zango: ta sauka a gidan ƙwai ta tsaya nan, ba ta zaga jiki ba. Shi ya sa a 2023 FIGO, ƙungiyar likitocin mata ta duniya mai tsara matakan kansa, ta buɗe wa irin wannan gurbi a cikin mataki na 1, bisa sharuɗɗa. Dajin ya kasance mai sanyin hali, bai ci rabin kaurin bangon mahaifa ba, bai cika jijiyoyi ba, gidan ƙwai ɗaya kawai ya taɓa kuma fatarsa ba ta fashe ba, babu kuma ɓurɓushinsa a wani wuri. Matar da ta cika waɗannan, galibi ba a ɗora mata kemo.

Yawancin sharuɗɗan nan ba hoto ne ke tabbatar da su ba, ba kuma idon mai tiyata ba. A ƙarƙashin madubin gwaji ake ganin su, bayan an yanka naman siriri an rina shi. A nan ne muke faɗuwa.

Ga yadda abin kan kasance a ƙananan asibitoci da dama, na gwamnati da na kuɗi. An gama aiki, mara lafiya ba ta farfaɗo ba, sai nas ta leƙo baranda da roba a hannu: "Ina masu Mama? Ku zo ku ga abin da aka ciro." Dangi su yi caa, wannan na salati, wancan na kiran sunan Yesu, wani ya zaro waya ya ɗauki hoto. Sai babban ɗa ya matso ya ce, "Sista, a taimaka a ba mu mu je mu binne." Ba laifinsa ba ne; Musulmi da Kirista duka ba mai son a yar da sashen jikin uwarsa a bola. Amma idan ba a samu wanda ya tsaya ya yi masa bayanin cewa gwaji za a kai ba, to sunan ciwon da matakinsa sun bi rami. Ko an ce a kai ɗin ma, akwai ƙa'ida. Shimfiɗar mahaifa saurin ruɓewa gare ta, don haka sai an tsaga mahaifar an buɗe ta ruwan fomalin ya ratsa ciki, ruwan kuma ya ninka girman naman wajen sau 10. Mahaifar da aka cusa a robar da ta matse ta, aka tsiyaya mata ɗan ruwa iya wuya, aka damƙa wa direban Jos a tasha ta yini a zafin but, idan ta isa likitan gwaji zai ga bango garau, shimfiɗar da ake son dubawa kuwa ta narke. Gidan ƙwai na dama da na hagu kowanne da alamarsa. Suna da lambar kati kuma a jikin robar ake rubuta su, ba a murfi ba, don murfi yana sauya gida.

Sai kuma karɓo sakamako, wanda kan ɗauki makonni. Kafin nan ɗinki ya kame, Mama ta miƙe, ta koma kasuwa, an yi godiya a coci ko an yi sadaka. Wa zai sake biyan kuɗin mota don takarda, ga mai ciwo tana cin tuwonta? Haka takardar za ta kwanta a fayil, ɗauke da labarin da ya kamata a ji tun ɗinki bai bushe ba.

Ba haɗin shimfiɗa da gidan ƙwai kaɗai gwajin ke tonowa ba. Akwai wanda ba a wuri biyu yake ba, a ƙari ɗaya ne halitta biyu ta cakuɗe: wani sashe irin dajin shimfiɗa, wani irin dajin tsoka, wani lokaci har da guringuntsi ko ƙashi a ciki. Likitoci na ce masa kasinosakoma. Bai kai kashi 5 cikin 100 na kansar jikin mahaifa ba, amma mugu ne. Ko an cire shi da wuri, yakan dawo wa fiye da mace ɗaya cikin uku, sau da yawa a huhu ko a cikin ciki. Tsofaffi ya fi kamawa. Yakan cika mahaifa har ya leƙo ta bakinta, ga jini ga ruwa mai wari, sai a yi masa kallon kansar bakin mahaifa. A Amurka an tabbatar ya fi yawa a baƙaƙen mata. An daɗe ana lissafa shi cikin dajin tsoka kafin a gane ɗan shimfiɗa ne da ya rikiɗe, kuma tun 2009 da ma'aunin dajin shimfiɗa ake auna matakinsa. Wani babban gwaji da aka buga a 2022 ya nuna haɗin kaboplatin da paklitaksel bai gaza tsohon haɗin da ake kwana uku ana ƙarawa ba. Wannan ya yi mana daɗi, don su ne magungunan da aka fi samu a asibitocin koyarwa na ƙasar nan, kuma a yini ɗaya ake ƙara su a sallami mutum.

Akwai kuma wani ƙarin gidan ƙwai, giranulosa, wanda shi da kansa ke haifar da na biyun. Yana fitar da sinadarin mata, istirojin, ba dare ba rana, sinadarin ya yi ta ƙara wa shimfiɗa kauri har a wasu matan, kamar 5 zuwa 10 cikin 100, ta juye daji. Tsohuwar da ta shekara goma da daina al'ada sai ta ga jini ya dawo, nono ya ciko, ƙawaye na tsokanarta wai ta koma budurwa. Wannan ƙarin ba ya gaggawa, amma an sha ganin ya dawo bayan shekara 10, bayan 20, har fiye.

Ƙarin mahaifa da kowa ya sani, faibiroyid, ba daji ba ne, kuma ruwan dare ne a matanmu. A Amurka an samu fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata suna da shi kafin su wuce shekara 50. Matsalar ita ce dajin tsokar mahaifa kama yake yi da shi a hoto. A 2013 aka yi wa wata likita a Boston, Amy Reed, aikin faibiroyid da na'urar da ke daddatsa ƙari a cikin ciki, ashe daji ne, na'urar ta watsa shi. Fafutukar da ta yi tare da mijinta ta sa hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2014, inda ta ƙiyasta mace 1 cikin 350 da ake yi wa irin wannan aiki na ɗauke da ɓoyayyen daji. Ita ta rasu a 2017. Masana sun yi ta ja-in-ja kan adadin, wasu na ganin bai kai haka ba. Mu dai ba na'urar ce damuwarmu ba, ƙarin da aka ciro aka binne ba gwaji shi ne. A kuma sani faibiroyid motsewa yake yi bayan ɗaukewar al'ada. Wanda ya ci gaba da girma a cikin 'yar shekara 55 abin tuhuma ne.

Haɗuwar dajin bakin mahaifa da na shimfiɗa ta fi duk waɗannan ƙaranci, amma rarrabe su wajibi ne, don tiyatarsu ba faɗi ɗaya ba ce. Akwai kuma wanda ke biyo bayan wani: tamoksifen, ƙwayar da masu kansar nono ke sha shekara biyar ko fiye, tana ninka haɗarin dajin shimfiɗa sau biyu zuwa uku. Amfaninta ya rinjayi wannan nesa ba kusa ba, kada wadda ke sha ta bari. Amma ɗigon jini ɗaya a wando, ta faɗa wa likita.

Jinin nan shi ne ɗan saƙo. Mata 9 cikin 10 masu dajin shimfiɗa da shi suke fara gani. Akasin haka kuma abin kwantar da hankali ne: cikin matan da suka ga jini bayan daina al'ada, wajen 1 cikin 10 ce kawai ke da wannan dajin. Sai dai tsohuwa ba ta iya gaya wa ɗanta irin wannan magana. Sau da yawa suruka ce ko jika ke ganewa a wurin wanki. Daga nan a je kemis a yi allurar tsayar da jini, a sha maganin sanyi, idan wani ya ambaci daji kuma nan da nan a ce ai daji ba ya son ƙarfe. Wannan magana ba daga sama ta faɗo ba. Mutane sun ga wadda aka yi wa aiki ta rasu bayan wata uku, ba su san an kai ta ne bayan ciwon ya gama jiki ba.

Idan an daure an je asibiti, abin da kowa ke nema shi ne hoto, kuma masu sikanin sun yawaita a garuruwanmu. Ƙa'idar da aka gada daga Turai ita ce, idan kaurin shimfiɗa bai wuce milimita 4 ba a tsohuwa mai jini, a kwantar da hankali. A 2021 Dakta Kemi Doll ta Jami'ar Washington da abokan aikinta suka nuna cewa a baƙaƙen mata wannan ma'auni na iya tsallake kusan rabin masu dajin, saboda faibiroyid na tare hoton, kuma miyagun ire-iren da suka fi kama su ba lallai su ƙara wa shimfiɗa kauri ba. A ganina wannan binciken ya fi shafar Kafanchan fiye da garin da aka yi shi. Abin da ke raba gardama shi ne a tsotso ɗan nama daga ciki da wani siririn bututun roba, aikin 'yan mintoci ba tare da an sa mutum barci ba, ko a yi wankin ciki a aika da abin da ya fito. Kuskuren da ya fi tsada shi ne a cire mahaifa a kan zato, a bar gidajen ƙwai, ba a duba kaluluwar mara ba, sai daga baya a gane daji ne a ce a sake buɗewa.

Kafanchan gari ne da mahaɗar jirgin ƙasa ta raya tun 1927, kuma har yau mai kansa a nan matafiyiya ce. Ko ta hau ta Kagoro da Manchok zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wanda ya fi kusa; ko ta bi Zonkwa da Kachia zuwa Barau Dikko a Kaduna, ta zarce Shika, inda sashen gashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana ɗauke da nauyin Arewa; ko ta bi Kwoi da Keffi zuwa Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Kemo zagaye 6 ne, duk mako uku, kowanne da gwajin jini kafinsa. Gashi kuwa mako biyar ne, Litinin zuwa Juma'a, wato sai an nemi masauki da mai jinya. Na'urorin gashi a faɗin ƙasar 'yan ƙalilan ne, lalacewarsu kuma ba sabon labari ba ne. Asusun tallafa wa masu kansa da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, wanda Shika na cikin asibitoci shida na farko da suka fara aiki da shi, da kansa uku ya soma: nono, bakin mahaifa, da furostet ta maza. Wadda nata ya tsiro ɗan sama da bakin kaɗan ba ta cikin wancan jerin. A yankin da citta ce bankin manomi, kuma annobar ruɓewa ta 2023 ta share gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a, ba abin mamaki ba ne a yi zagaye biyu a tsaya. Adashe da Zumuntar Mata da 'yan'uwa na Islamiyya sukan yi ƙoƙari a kan kuɗin tiyata, don abu ne na rana ɗaya da kowa ke gani. Kuɗin mota na wata na goma sha takwas ba mai yi masa gudummawa.

Alhali a nan ne jinyar ta fi tsawo. Yawancin dajin da zai dawo, cikin shekara 3 na farko yake dawowa. Don haka ake son ganin mace duk wata 3 zuwa 6 a shekaru biyu ko uku na farko, sannan duk wata 6 zuwa shekara har a cika biyar. Mai giranulosa kuwa ba ta da ranar sallama. Tambayar ita ce me za a yi mata a kowane zuwa, kuma dole ne sai a Shika? Wani gwaji da aka yi a Italiya da Faransa a kan mata sama da 1,800 masu dajin shimfiɗa, aka buga a 2022, ya raba su gida biyu. Wasu aka tsananta musu bincike da hotuna da gwaje-gwaje, wasu aka taƙaita. Bayan shekara 5 adadin waɗanda ke raye kusan ɗaya ne, wajen kashi 91 cikin 100 a kowane ɓangare. Ma'ana, ga mafi yawan mata, abin da ke aiki shi ne a zauna a tambaye ta, a duba ta da ido da hannu. Akwai jini? Ciwon mara ko na baya da ba ya tafiya? Tari? Kumburin ciki, ƙoshi da wuri, rama ba dalili? Sannan a sa ƙarfen dubawa a kalli inda aka ɗinke can ciki, domin nan ne dajin shimfiɗa ya fi son sake tsirowa, kuma idan an kama shi a nan da wuri, ga wadda ba a taɓa gasawa ba, gashi na iya warkar da shi sarai. Duk wannan ba abin da ya fi ƙarfin likita ko ƙwararriyar nas a Kafanchan. Ban ce haka ga kowa ba: mai dajin tsoka ko kasinosakoma tana buƙatar hoton ƙirji da na ciki lokaci zuwa lokaci, kuma babban likitanta ne zai tsara.

Akwai kuma jikin da aka bari bayan an ci nasara, wanda ba a cika tambaya a kansa ba. 'Yar shekara 42 da aka cire wa gidajen ƙwai takan wayi gari cikin abin da sa'o'inta za su shiga a hankali bayan shekara goma: zafi ya taso mata, gumi cikin dare, barci ya ƙaurace, ƙashi ya fara laushi a ɓoye. Ga wasu ana iya mayar musu da sinadarin a ƙwaya, ga wasu kuma abinci ne ga dajin, kuma takardar gwajin nan ce ke bambancewa, ba mai kemis ba. Wadda aka cire wa kaluluwa ƙafarta na iya kumbura ko bayan shekaru, a yi ta cewa ta taka sammu. Wadda aka gasa kuwa gabanta kan bushe ya tsuke, kwanciya ta zama azaba, ita ba ta faɗa ba, shi bai tambaya ba, sai a ji maganar ƙarin aure ko a ga miji ya daina kwana gida. Akwai man shafawa da 'yan sandunan roba na buɗa wurin da ake koya wa mace amfani da su, kuma cusa kayan mata a fatar da gashi ya taɓa ɓarna yake ƙarawa. Ya kamata a zaunar da mijin ma a gaya masa ƙarara cewa ciwon ba ya yaɗuwa ta kwanciya, hasken gashin kuma bai zauna a jikinta ba.

Wani abin da ke ba mutane mamaki: bincike a Amurka ya nuna matan da suka yi dajin shimfiɗa mai sanyin hali, ciwon zuciya da jijiyoyin jini ya fi kashe su fiye da dajin kansa. Ƙiba da ciwon suga da hawan jini da suka buɗe wa dajin ƙofa suna nan bayan an cire mahaifa. Don haka awon jini da na suga ba ƙari ba ne a ranar duba ta, cikin aikin suke.

Sai dangi. A 1895 wata mai yi wa Dakta Aldred Warthin na Jami'ar Mishigan ɗinki ta gaya masa ta san kansa ce ajalinta, don haka danginta ke tafiya, ta hanji ko ta ciki ko ta mahaifa. Ya bi zuriyar ya rubuta a 1913, ita kuma kansar mahaifar ce ta ɗauke ta. A 1966 Henry Lynch ya sake bayyana irin waɗannan gidaje, shi ya sa ake kiran larurar da sunansa. Wajen kashi 3 cikin 100 na dajin shimfiɗa daga wannan gadon yake, kuma an fi zarginsa idan mace ƙarama ce ko dajin ya zo biyu. Kowane ɗan mai wannan gadon, mace ko namiji, rabi da rabi ne ya gada. Ita kanta babban hanjinta ne abin tsoro na gaba, sai a riƙa leƙa shi da na'ura duk shekara ɗaya ko biyu. Mu da muke haddace wa ya haifi wa har kaka na biyar, ba ma riƙe abin da ya kashe su. "Ciwon ciki" ko "gajeriyar rashin lafiya" ake cewa a wuce. Tambaya uku a kan uwa da inna da kawu ba ta cin ko kwabo. Gwajin farko kuma a kan naman nan da aka cire ake yin sa. Ɗakin gwaji kan adana shi shekaru a cikin ɗan dunƙulen kaki mai lamba, ana iya neman sa a kai wani wuri a sake dubawa. Wannan gwajin ne kuma ke nuna wadda sababbin magungunan tayar da garkuwar jiki za su yi wa amfani, ko da yake kuɗinsu a yau ya fi ƙarfin kusan kowa a nan.

A 2025 aka sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, a harabar asibitin tunawa da Sir Patrick Ibrahim Yakowa, ga kuma kwalejin koyon jinya da ungozoma ta jiha a garin. Na san buƙatun da za a jera wa sabuwar cibiyar suna da yawa, kuma na'urar gashi za ta fi daɗin faɗa a taron siyasa. Da za a tambaye ni, ɗakin gwajin nama zan sa a gaba, ko kafin a samu, a tsayar da rana ɗaya a mako da motar asibiti ke kwasar robobi daga Kafanchan da Zonkwa da Kwoi, da ma'aikaci ɗaya wanda aikinsa shi ne karɓo sakamako ya kira lambar da ke jikin kati. Sannan rana ɗaya a wata ta waɗanda suka gama magani a Jos ko Shika ko Abuja, da rajista mai nuna wadda ba ta zo ba.

Kowace kuma a sallamo ta daga babban asibiti da shafi ɗaya da za ta ajiye tare da takardun filinta, 'yarta ta ɗauki hotonsa a waya: cikakken sunan dajin, ko na duka biyun, da matakinsa, lambar dunƙulen kaki da ɗakin gwajin da ke riƙe da shi, abin da aka cire da abin da aka bari, sunan kemo da zagaye nawa ta samu, inda aka gasa da adadin hasken, da ranar dawowa. Adadin hasken nan ba ado ba ne a takardar. Wurin da aka taɓa gasawa ba ya ɗaukar cikakken gashi karo na biyu, don haka idan jini ya dawo a shekara ta shida, shi ne abin da sabon likita zai fara nema kafin ya san ko gashi zai tura ta, ko tiyata, ko kemo.